Danƙon Haƙorin Tela

Tela ba ya shan ruwa a kofin kowa, har da na matarsa. In ya gaisa da mutum, sai ya faki ido ya goge hannu a ƙyalle. Ga shi kuwa Allah ya haɗa shagonsa da rumfar mai gyaran takalma, inda mahaifin mai rumfar ke wuni a kan benci, baki na ta motsi, yawu na bin gemu. Tsohon yana tari yana tofa kaki a gwangwanin madara, yana tsotsar alewar na'a-na'a wai maganin ƙirji. Tela kan toshe hanci in zai wuce.

Kwatsam haƙorin Tela ya yi rami. Ko iska ce ta shiga sai ya ji har ƙwaƙwalwa. Likita ya ce sai wani makon, ga kayan amarya jibge a shago, shi ko zare ya kasa zurawa a allura.

Mai takalma ya tausaya masa. Yana da wani farin danƙo da ake tatsa a jikin bishiya, da shi yake liƙe takalmi, ya toshe hujin bokiti. In ya bushe tauri gare shi, sai an tausasa.

"Maƙwabci, zauna ina zuwa."

Tela ya zauna riƙe da kunci, ido a rufe. Can mutumin ya dawo da ɗan curi mai laushi, da ɗuminsa, ya danna masa a ramin. Nan take ciwo ya kwanta. Tela ya koma kan keke, harshe na ta lasar wurin, saboda wani zaƙi-zaƙi mai sanyi da yake ji. Har ya ce wa matarsa bishiyar nan akwai albarka.

Ana gobe kai kaya, danƙon ya ɓalle, ya haɗiye shi da shayi. Ciwo ya dawo sabo. Ya nufi rumfa, ya raɓe nesa da benci yadda ya saba.

"Taimaka ka ɗora ruwan zafi, ka tausasa min wani."

"Wane ruwan zafi? Ka taɓa ganin risho a rumfar nan?" Mai takalma ya juya wajen benci, ya miƙa tafin hannu. "Baba, tofo wanda ke bakinka, wanda ya kawo gyaran takalmi ya jira."