Gawar Kamfani

Tun kafin lanci, ƙaramin jirgin ruwan kamfani, ya fita daga tashar Jidda, Rafi'u ya shimfiɗa buhunsa a kan katako yana shirin mutuwa.

Aikinsa ke nan. Shekarar da kamfanin jiragen dakon alhazai ya ɗauko wani likita Bamisire don ya koya wa ma'aikata ceton wanda ruwa ya ci, an ce za a kawo mutum-mutumin roba daga Turai. Ko ƙeyarsa ba a gani ba. Sai aka duba wanda ya fi kowa iya kwanciya a bakin aiki, aka naɗa Rafi'u. Shi kuwa ya riƙe sana'ar hannu bibbiyu: ya kama wuya, ya zare ido, ya yi shure-shure, sannan ya yi laƙwas. Gawa ce mai jin daɗi, kuncinta ba ya rabuwa da dabinon kasuwar Bab Makka.

Dokar likita ba wuya. A duba baki, a ɗaga haɓa, a danna ƙirji a hankali kamar mai taɓa gurasa, a hura iska a gefen kunci, ban da cikin baki, tunda mai rai ne. In an yi daidai, gawa ta buɗe ido. Wanda tasa ta tashi ya ci. Wanda tasa ta ƙi, a sauke shi daga jirgi.

Ta kowa ta tashi, ban da ta Ubale.

Ubale taubashin Rafi'u ne. Tun suna tafe a ƙasa daga Haɗeja har Sawakin ba su taɓa shan ruwa a ƙwarya ɗaya ba a yi zagi ba. A gwajin farko Rafi'u ya fashe da dariya, wai cakulkuli ake yi masa. A na biyu ya raɗa, ido rufe, cewa ba zai tashi ba sai an ce masa "ranka ya daɗe, ubangidana". Ubale ya ce gara ya ci kashin raƙumi. To yau ne na ƙarshe, kuma kafili, Balaraben da ya tsaya masa, ya gama magana: ba takardar likita ba jirgi, ba jirgi ba iƙama, takardar zaman ƙasa. Ga matarsa Mastura a unguwar Kurayyat, haihuwa yau ko gobe.

Don haka da safe Ubale ya karya da tafarnuwa da busasshen kifi. In zai faɗi, to gawar ma ta ji a jikinta.

Bahar Maliya ta tashi da ƙafar hagu a ranar. Likitan da ya zo koyar da ceto yana can rungume da bokiti, yana mayar da abin da ya ci tun shekaranjiya. Bai ko waiwayo ba ya ɗaga hannu. "Yalla, ya Ubale! A fara!"

Wata igiyar ruwa ta mari lancin, kowa ya yi taga-taga. Rafi'u ya fara mutuwarsa. Kai, yau ya ƙure gwaninta. Ya kama wuya da hannu biyu, ido kamar zai faɗo, ƙafa na dukan katako kamar ganga. Ma'aikata suka hau tafi. Rayyis Othman, mai tuƙin lancin, ya ce, "Mashallah, ya shekh! Wannan sinimar Alƙahira ta dace da shi."

Sai ya yi laƙwas.

Ubale ya durƙusa. Ya ga leɓen ya yi shuɗi, ya yi tsaki. Har da bular wanki aka shafa, don kawai a burge likita. Ya ɗaga haɓa, ya danna, ya hura a gefen kunci, komai bisa doka. Gawa ba ta motsa ba. Ya sake. Ko gezau.

Ya tuna Mastura. Ya kai baki kunnen taubashinsa. "Ranka ya daɗe, ubangidana. Tashi."

Shiru.

Nan fa Ubale ya manta da likita, ya manta da doka, ya manta da iƙama. Mutum ya sa ka zubar da girmanka a kan katako, sannan ya ci gaba da kwanciya? Ya toshe masa hanci, ya hura masa numfashin tafarnuwar nan har cikin baki. Ƙirji bai ɗaga ba. "Au, har numfashina ka raina?" Ya ɗora hannuwa biyu ya shiga kirɓa kamar mai dakan sakwara, kowane danni da zaginsa. Ya kife shi, ya ɗirka masa dundu tsakanin kafaɗu, ya mirgino shi, ya ci gaba.

"Haram alek, za ka kashe shi!" in ji Othman.

"Ai gawa ce!"

Wani abu ya yi tsalle daga bakin Rafi'u ya faɗa bokitin likita, ƙwal. Rafi'u ya ja wani numfashi mai ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya shiga tari yana hawaye.

Ubale ya miƙe, ya cire hular kamfani ya yar. Likita ya rarrafo da bokitinsa, ya kama hannun Rafi'u, ya leƙa idonsa, ya daɗe yana kallon leɓen.

"Wa ya ce ka karya dokata?"

"Ni na ce. A sauke ni, halas! Amma a shaida, har ranka ya daɗe na ce wa ɗan banzan nan."

"Yaushe?" in ji Rafi'u, da ƙyar.

Likita ya sa yatsu biyu cikin bokitin, ya ɗago ƙwallon dabino. "Ɗauki hularka, ya Ubale," ya ce. "Duk kamfanin nan kai kaɗai ka taɓa tayar da gawar gaske."