Askin Aljeriya

Rashidu ya gaji da tambayoyi. A makon nan ya dawo Barmou daga Aljeriya, inda jami'arsu ta Tahoua ta tura shi karatun zango ɗaya, kuma kowa da tasa: ina tsaraba, yaya sanyi, akwai aiki can?

Ta Inna Kulu ce ta hana shi sakat. Ɗanta Souleyman, wanzami, ya tafi ci-rani can da daɗewa, ko waya ba ya yi. Rashidu kuwa ya gan shi yana aski a bakin titi, duk ya rame. Souleyman ya sa shi rantsuwa kada ya faɗa, don yana jin kunyar komawa hannu wofi.

Yau ma ta tare shi a bakin kasuwa.

"Ɗana, sake tunawa dai."

"Inna, ƙasar da faɗi. Ban gan shi ba."

Ya cire hula ya share gumi. Tsohuwar ta zagaya bayansa, ta ƙura wa askinsa ido. Sai ya ji yatsunta a ƙeyarsa.

"Har yanzu bai iya daidaita gefen hagu ba," ta ce. "Yana cin abinci kuwa?"