Ƙwayar da Aka Ba Truls

Tun da aka kafa ƙasar Suwidin ba a taɓa yi wa wani mahaluki zaluncin da aka yi wa Torvald Hedlund ba, kuma da ƙwaya ɗaya tal aka yi masa shi. Haka ya gaya wa mai kanti, haka ya gaya wa direban bas, har hankakan da ke sauka kan shingensa bai tsira ba. Mutum kamarsa, wanda gashin bakinsa kaɗai ya isa a tashi a ba shi kujera, a ce likitar dabbobi ta shigo masa da guba har cikin gida.

Ga yadda aka yi. 'Yarsa Majken ta zo hutu daga birnin Trondheim na ƙasar Norwe, inda take aikin jinya, ita da karenta Truls. Kafin kare ya tsallaka iyaka ya koma Norwe, sai likita ta ba shi maganin tsutsar ciki ta buga hatimi, kuma a wuce da shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba a sake sabon lale. To, an ba Truls. An haɗa kaya, mota ta sha mai. Washegari kare ya dubi kwanon abincinsa ya kau da kai.

"Baba, an ce wasu karnukan haka suke yi, gobe zai ware," in ji Majken.

"Wa ya ce? Wadda ta ba shi gubar?" Torvald ya murza gashin baki. "Ki dube shi dai. Karen da ya zo mana yana tsalle kamar ɗan akuya."

Truls na kwance a gindin murhu, ciki ya yi tim, numfashi sama-sama. Majken ta ɗaga tafiyarta.

Nan take Torvald ya naɗa kansa shugaban masu jinya. "Ke kin gaji da ɗawainiyar mutane, bar mini wannan." Kullum da safe sai ya ja karen zuwa rumfar itace, wai ya sha iska. Karen da Majken ke lallashi ya ƙi ko ɗaga kunne, da ya ga Torvald ya ɗauko babbar rigar sanyinsa sai ya miƙe. Torvald bai yi mamaki ba. Dabbobi, a cewarsa, sun san mai kwarjini.

Tun rasuwar matarsa Gunvor, kofi ɗaya yake wankewa a gidan nan, kuma rediyo yake mayar wa da magana. Yanzu kuwa akwai takun ƙafa a saman bene. Akwai mai yi masa faɗa kan gishirin da yake zabgawa a dankali, akwai mai barin ƙofa a buɗe sanyi ya shigo. Wani lokaci yakan ajiye jarida ya yi shiru, yana sauraron ruwa na zuba a banɗakin da ba shi ke ciki ba.

Kwanakin hatimi suka ƙare, Truls bai taɓa kwanonsa ba. Majken ta sa shi a mota suka koma asibitin dabbobi, Torvald na biye yana jera wa likita Viveka laifuffukanta tun daga bakin ƙofa.

Viveka ta duba idon kare, ta taɓa cikinsa, ta ɗora shi a sikeli. Sannan ta daɗe tana kallon Torvald ta saman tabarau.

"Babu zazzaɓi. Nauyinsa ma ƙaruwa ya yi."

"Kumburi ne," in ji Torvald. "Kumburin guba. Da can ba a koya muku wannan ba?"

"Da can an koya mana abubuwa da yawa, Torvald."

Majken ta ce ita dai ba za a sake ba karenta wata ƙwaya ba sai ya soma cin abinci. A hanyar gida Torvald ya yi ta fito da baki, har sai da ta juyo ta dube shi, ya mayar da shi tari.

Da rana wayarta ta yi ƙara. Ya ji ta a kicin tana cewa to, to, na gane, babu wanda zai riƙe mini aikin. Bayan nan sai ya ji ƙarar jaka ana jan ta a kan matakala.

"Kashe shi za ki yi a hanya?" Ya tare ƙofa. "Tsaunukan nan, da wannan cikin nasa?"

"Ba da shi zan tafi ba, Baba. Ai ya fi jin maganarka. In na zo Kirsimeti na ɗauke shi."

Torvald ya matsa daga bakin ƙofa. Ta rungume shi, ta gyara masa wuyan riga, ta ce ya rage gishiri. Ta durƙusa ta shafa kan Truls. Mota ta bi tsakanin dogayen itatuwa har ƙararta ta ɓace.

Ya daɗe a tsaye bakin shinge. Da sanyi ya fara cin yatsunsa, ya dawo ya zauna a dandamalin ƙofa. Gidan ya yi tsit a bayansa. Truls ya taso garau, jela na kaɗawa, ya zo ya tsaya a gabansa yana jira.

Torvald ya sa hannu a aljihun rigar ya ciro tsokar gasasshen nama mai maiƙo.

"Karɓi, munafuki," ya ce. "Na ƙarar da naman farautar bana kaf ina cika maka ciki a ɓoye don ita ta zauna, ga shi kai aka bar mini."