Ambulan a Kan Keken Ɗinki

An sake cire wa keken ɗinkin allura. Anti Tela ta ja aljihun tebur na farko, ta ja na biyu, wanda wani mai shisshigi ya manna wa takarda ya rubuta "zare", sai ka ce ita ce ba ta san inda zarenta yake ba. Ga rigar makarantar 'yarta ko hannu ba ta sa mata ba, yarinya 'yar shekara bakwai kuwa ina ruwanta da uzuri.

Tana cikin wannan mita wata matashiya ta turo ƙofa, sanye da kayan ma'aikatan asibiti. Ba a ce ta zauna ba ta zauna a bakin gado, ta ɗora ambulan a kan keken. Duk gefensa ya yi laushi, ya sha hannu.

"Sakamakon gwajin jini ne," in ji ta. "A buɗe?"

Anti Tela ba ta bukatar bayani. Ciwon mantuwa ya cinye kakanta. Ya kama babanta yana da shekara hamsin, mutumin da ke yanka yadi ba awo ya koma tambayar ta ita 'yar gidan wa ce. Likita ya ce a jini abin yake: duk ɗan da aka haifa, rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira. Gwaji zai faɗa. Magani dai babu.

Ranta ya ɓaci, wallahi ya ɓaci. Ta ture ambulan ɗin da ɗan yatsa ɗaya, kamar wadda ta ga kyankyaso a faranti.

"In na buɗe, sai me? In ya ce ina da shi, daga yau duk makullin da na ɓatar sai in zauna in yi kuka? Ai ko masu lafiya suna ɓatar da makulli! Babana ya yi shekara hamsin yana dariya, ba takardar da ta ƙwace masa ko kwana ɗaya. Ciwon in zai zo, ya zo ya same ni a kan kekena. Ba zan tare shi a hanya ba."

Matashiyar ta yi dariya, idonta cike da ƙwalla. Tana da wushirya irin ta baban Anti Tela sak. Ikon Allah, mutane da kama!

"Ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana! To shi ne zan ba shi kujera? Ke dai tashi ki koma bakin aikinki. Ina da 'ya, yanzu za a tashe su daga makaranta."

Matashiyar ta miƙe. Ta gyara wa Anti Tela ɗankwalin da ya zame daga kan furfurarta, ta zuba mata ruwa a kofin da ta ɗauko ba tare da ta tambayi inda yake ba. Anti Tela ta riga ta koma neman allura.

A bakin ƙofa matashiyar ta dubi ambulan ɗin, ta shafa sunanta ita kanta da ke rubuce a kai, ta mayar da shi jaka a rufe, kamar jiya, kamar shekaranjiya.

"Na ji, Mama," ta ce a hankali. "Yau ma ba zan buɗe ba."