Motar da Ta Ƙi Riƙe Ruwa

Turo ta aka yi, kamar kullum. Ruwan lagireto na ɗiga a ƙarƙashinta, Baba Direba kuma na biye da ita yana zazzaga masifa tun daga bakin titi.

"Ina ɓarawon nan mai sipana? Fito! Tiyon da ka sa min ya sake fashewa."

Mai facin taya da ke gefen garejin shi ya sha rabin zagin, don shi tsohon ya fuskanta. Sai da bakaniken ya yi gyaran murya daga ƙarƙashin wata mota sannan ya juyo da masifar inda ta dace.

Baba Direba ya tsufa yana jan manyan motoci, ko katanga bai taɓa gogewa ba. Kowa a unguwar ya san haka, domin ba ya barin a manta. Yanzu aiki ɗaya ya rage masa: kai jikokinsa makaranta da safe a tsohuwar motarsa. To motar nan ta yi makonni tana ƙin riƙe ruwa, dole 'yarsa ke saka yaran a motar haya.

Bakaniken bai yi wa aikin ha'inci ba. Da farko ya canza tiyon hita guda biyu da ke bi ta bayan inji, ya ɗaure bakinsu da sabbin kilif na ƙarfe. Aka dawo da ita, ya canza manyan tiyon sama da ƙasa. Aka sake dawowa, ya wanke lagireto, ya sa sabon murfi da sabon famfon ruwa. Kowane karo sai ya bar injin ya yi ta aiki har fanka ta tashi, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ko ɗigo babu. Sannan ya tuƙa ta da kansa har rumfar ƙofar gidan tsohon, domin Baba ya ce wanda ya ɓata shi zai kawo. Gari na wayewa sai ga ruwa malale a ƙasa.

Ba wahalar ce ke cin ransa ba, sunansa ne. Mai tasi da ya shekara yana zuwa wajensa ya koma garejin ƙarshen layi. Motar gidan burodi ta bi shi. Har a wajen mai shayi an fara yi masa tsiya, wai kada a ba shi kofi, zai yi yoyo.

Ranar ya ciro tiyon hita ya juya shi a hannu, ya matsa, ya ɗaga shi ga rana. Roba sabuwa fil, babu tsagewa ko ɗaya. Wata 'yar ƙofa ce kawai, ƙarama, shar da ita.

"Baba, duba nan," in ji shi, yana haɗiye fushi. "Wannan ba fashewa ba ce. Huda shi aka yi."

"Ni zan duba maka aikinka? Ɗauke min ƙazanta daga fuska!" Tsohon ya ture hannun. "Gobe idan ta zubar, wallahi kujera zan kawo in zauna a bakin garejin nan. Duk wanda ya shigo da mota sai ya ji labarinka daga bakina."

Kuma zai aikata. Bakaniken ya san haka, ya kuma san idan aka yi sati ana wannan, sai dai ya rufe garejin. Zuciyarsa ta tafi kai tsaye kan mai garejin ƙarshen layi, wanda kwanan nan yake gaishe shi da fara'ar da ta yi yawa.

Ya sa sabon tiyo, ya cika ruwa, ya kai motar gida. Washegari ana idar da sallar asuba ya ɗauki babbar sipana ya je ya zauna a kan wata tsohuwar taya a cikin rumfar, dab da gaban motar. Ya rantse ko wane ne, sai ya ja shi ta wuyan riga har tsakiyar unguwa.

Babu wanda ya zo. Gari ya yi haske, masu zuwa aiki suka fara wucewa. Daga cikin gidan yana jin 'yar tsohon tana ce wa yara su yi sauri, an gyara mota, yau kakansu ne zai kai su. Yaran suka ɗauki ihun murna.

Sai ƙofa ta buɗe. Baba Direba ne ya fito, shi kaɗai, babu masifa, babu gyaran murya. Ya shafa gefen motar har ya kai gabanta, ya ɗaga bonet, ya zura hannu can bayan inji ba tare da ya leƙa ba. Ya ciro basilla daga aljihu. Ya soka ta a jikin tiyon sau ɗaya, ruwa ya fara ɗiga.

Bakaniken ya miƙe tsaye, sipana a hannu, yana jiran tsohon ya razana.

Tsohon ya rufe bonet a hankali, ya share hawaye da bakin hannun riga, ya ɗago kai ya ɗaga murya don 'yarsa ta ji.

"Ta sake zubarwa! Sa su a motar haya. Allah ya isa tsakanina da bakaniken nan!"

Taku ɗaya ne tsakaninsu, rana ta fito sarai, idanun Baba Direba a buɗe suke a kan fuskar bakaniken, amma sun daina gani, bai san akwai mutum a gabansa ba.