Injiniya Ya Sallami Kansa Daga Magani

Injiniya ake ce masa, ko da yake bai yi karatun injiniya ba. Aikin wutar lantarki yake yi a wani kamfanin gine-gine, kuma da wannan aikin kaɗai yake riƙe iyalinsa. Wata shekara ciwon damuwa ya kama shi. Ba a yi masa rasuwa ba, bai yi asara ba, amma tashi daga gado ya zame masa jidali. Abinci ya daina yi masa daɗi, dariyar 'ya'yansa ta daina taɓa zuciyarsa. Da fashinsa ya yi yawa, shugabansu ya gargaɗe shi cewa idan ya sake ƙin zuwa, wani za a ɗauka.

Matarsa ce ta matsa suka je asibiti. Likita ta saurare shi a tsanake, ta rubuta masa ƙwaya ɗaya kowace safiya.

"Wannan ba irin maganin ciwon kai ba ne, da za ka sha yanzu ka ji sauƙi anjima," in ji ta. "Sassan ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta wasu sinadarai. Maganin yana taimaka wa wannan saƙon, ita kuma ƙwaƙwalwa a hankali take sabawa, sai an yi makonni. Ko ka ji ka warware, kada ka daina sai mun rage shi tare, kaɗan-kaɗan."

Farkon shan bai yi daɗi ba. Zuciyarsa ta riƙa tashi, bakinsa ya bushe, ga hamma ba ƙaƙƙautawa.

"Kin ja ni an ƙaro mini ciwo," ya ce wa matarsa.

"Yi haƙuri, Baban yara. Ai ta faɗa mana za a yi haka."

Sauƙin bai zo da shela ba. Wata safiya matar ta tarar da shi yana gyara makunnin kicin da ya daɗe a lalace, yana tsokanar autarsu. Ba wani farin ciki ne ya lulluɓe shi ba. Ji ya yi kawai kamar an sauke masa kaya daga kafaɗa: ɓacin rai kan zo, amma ya wuce. Ya koma aiki sosai, ya yi wa Allah godiya.

Wata rana ya makara, ya haɗiyi ƙwayar a wurin aiki. Dogo, abokin aikinsa, ya gan shi.

"Kai, Injiniya! Har yanzu a kan janareta kake? Ai na ga wuta ta dawo tuni."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma maganar ta zauna masa. A sana'arsu, idan an gama gyara, cire wayar wucin gadi ake yi nan take. Malalacin ma'aikaci ne ke barin ta. Ya duba kansa: yana ci, yana barci, yana aiki. Gyara ya kammala ke nan. Ya jefa sauran maganin ƙasan akwatin kayan aikinsa, bai gaya wa kowa ba.

Bayan 'yan kwanaki jiri ya fara ɗibarsa. Sai kuma wata fizga a cikin kansa, musamman idan ya juya ido da sauri. Ya san wannan fizgar, don wuta ta sha jansa a bakin aiki. Saboda haka ko kusa tunaninsa bai je kan magani ba. Ya ɗauki testa, abin gwada wuta, ya bi soket ɗin gidan ɗaya bayan ɗaya, ya kwance makunnin banɗaki, ya cire wayar firji.

"Ni fa ba abin da ya ja ni," in ji matarsa. "Baban yara, kana shan maganinka kuwa?"

"Ana maganar wuta, kina maganar magani."

A wurin aiki ya zargi Dogo da barin waya tsirara.

"Wayata lafiya ƙalau take, malam. Sai dai ko kanka ne ke yoyon wuta."

Ranar da abin ya faru, da jiri ya tashi. Matarsa ta roƙe shi ya kwanta, amma ya tuna gargaɗin shugabansu, ya ɗauki akwatinsa ya fita. Aka sa shi haɗa fitilu a rufin wani babban ɗakin ajiya. Ya hau dogon tsani har ƙarshe. Ya waiwayo zai ce Dogo ya miƙo masa filaya, fizgar ta zo, rufin ya juya masa, hannunsa ya saki, ya faɗo ƙasa.

Babu wuta a ginin a lokacin. Dogo da kansa ya kashe ta kafin su fara.

A asibiti aka ga ya karye a ƙugu, bayansa ma ya taɓu. Da likitarsa ta zo duba shi, ta ji labarin fizgar, sai ta tambaye shi yaushe ya daina shan magani. Ta ce jiri da irin wannan fizga suna cikin abin da kan sami wasu idan sun yanke shi farat ɗaya, bayan jiki ya saba. Injiniya ya juya fuskarsa bango.

Ƙashi ya haɗe, amma da sanda yake tafiya yanzu, kuma an hana shi hawa tsani. Kamfani ya ɗauki wani. Damuwar ta dawo ta same shi a kwance, aka sake fara masa maganin daga farko.

Mai karatu, maganin ciwon damuwa a hankali yake aiki, a hankali kuma ake barin sa. Allah ne mai warkarwa, ya kuma hore mana magani da masaninsa. Jin sauƙi ba izinin dainawa ba ne, sai likitan da ya ɗora ka ya sauke ka.