Tabon Igiya a Kafaɗar Baba Dogo

Bakina ne ya ja mini. Wata la'asar a unguwarmu ta Tandabawi, can ƙasa mai tsarki, na ce da Baba Tanko mai dakon ruwa, "Baba, don wannan raƙumin ka ƙi aikin kanti a Jidda?" Ina nufin abokinsa Baba Dogo, wanda in ya tsaya a bakin lungu sai kaji su shiga akurki, a zatonsu magariba ta yi. Dogo yakan wuni bai furta kalma uku ba. Tanko kuwa ɗan tsurut ne, bakinsa ya fi garwarsa nauyi.

Na sunkuya ina jiran mari, sai Baba Tanko ya janye rigar Dogo da ke gefensa, ya nuna mini wani baƙin tabon igiya daga kafaɗa har ƙirji.

"Ya walad, kai yaro, ni ne wannan. Kurkunu ya kayar da ni a hanyar Sudan, ayari ya wuce ya bar ni. Raƙumin nan ya ɗaure ni a bayansa har bakin teku."

Dogo ya gyara rigarsa. "Ba shi da nauyi," in ji shi. "Sai surutu."

Baba Tanko bai je Jidda ba. Tare suka yi ta ɗiban ruwa har Dogo ya rasu, kuma shi ya yi masa wanka.